Allurar rage ƙiba ta raba ni da tabarmar ciyayya

Assalamu alaikum mutanen wannan gida. Admin don girman Allah a sakaya sunana, ko da yake duk ɗan Gagarawa yana karanta layi biyu zai gane ni, tunda ba a yi irina da yawa ba. Don Allah ku ba ni shawara, yau ba da wasa na zo ba.

Ni ma'aikacin ƙaramar hukuma ne, saura kaɗan in yi ritaya, kuma Allah ya yi ni da jiki. In na ce jiki, ina nufin irin wanda direbobin Gumel ke sayar wa kujerar gaba sukutum, su kuma bi tayar ɓangarena da addu'a. Na taɓa shiga kara, wurin cinikin shanu, a kasuwar Maigatari, wani dillali ya dafa min gadon baya ya ce nawa aka taya. A unguwa Rumbu ake ce min, ina kuma amsawa, ni ne ma kan fara tsokanar kaina kafin wani ya riga ni.

Matata ta rasu shekarun baya, Allah ya ji ƙanta, 'yarmu guda tana aure a Dutse, ma'aikaciyar jinya ce. Gida ya rage daga ni sai rediyo. Abin da ya riƙe ni shi ne ciyayya. A layinmu bayan magariba kowane magidanci kan fito da kwanon gidansa zuwa ƙofar maƙwabcina, bari in kira shi Malam Sule, a baje a tabarma a ci tare. Ni tun rasuwar ba ni da kwanon fitarwa, kuma ba wanda ya taɓa nuna min haka ko a fuska. Matar Malam Sule, Inna Azumi, ita ke ƙara malmala biyu da sunana. Aikina share kwanuka da ba da dariya. Matan layin har gasa suke, a ji yau kwanon wa Rumbu ya fara suɗewa. A wurinmu kuwa kwano ya koma cikin gida da saura magana ce babba, ko dai miyar ba ta yi ba, ko kuma ana zargin mai girkin da wani abu.

Bara gwiwoyina suka ƙi, sallah sai a kan kujera, ga suga ga hawan jini. Likita ya ce akwai wata allura ta mako-mako mai rage ƙiba, tana sa mutum ya daina jin yunwa. Na ce alhamdulillahi, ina da katin inshorar lafiya ta gwamnati, tun tuni ake cira a albashina. Na kai kati, wata baiwar Allah a bayan tebur ta duba ta ce Baba wannan ba ta ciki, ƙwayar suga da ta hawan jini za mu ba ka, in ma ciwon ya kai ga aiki a ƙafa akwai abin da za a rage maka. Na ce 'yata, wato gwamnati ta yarda ta taya ni yanke ƙafa, amma ba ta yarda ta taya ni rage tumbi ba? Ta yi dariya har da hawaye. Na ce to in na yi ritaya na shiga sahun tsofaffi fa? Ta ce Baba, tsofaffin ma haka ne.

Da 'yata ta ji sai ta ce ita za ta riƙa saya. Na ƙi, ta sa min kuka a waya, ta ce ta rasa uwa, ba ta shirya rasa uba ba. Duk wata take aiko da ita cikin 'yar kula mai ƙanƙara ta hannun direba, kuɗinta kuwa ya fi na buhun gero nesa ba kusa ba.

Allura ta yi aiki, har ta so ta wuce gona da iri. Ni da ake ɓoye wa tukunya, loma kaɗan sai in ji kamar na haɗiyi turmi. Ranar da na fara tsame hannu daga tuwon Inna Azumi, kowa ya juyo yana kallona kamar an yi sanarwar rasuwa. Malam Sule ya ce Rumbu lafiya, ko ka biya wani gidan ne ba mu da labari? Na ce ƙasa nake rage wa nauyi, aka yi dariya aka wuce. Amma kullum kwano da saura. Inna Azumi ta bar miyar kuka ta koma kuɓewa, ta ƙara man shanu, ran nan har zabo aka yanka, a wannan tsadar. Na cusa wa kaina don kunya, na koma gida na yi ta amai.

Za ku ce me ya hana ni faɗa musu gaskiya. Ku tsaya ku ji. Malam Sule manomi ne, damina ba ta yi masa kyau ba, na san tuni rumbunsa ya ƙare awo yake yi, kuma a cikin wannan awon ake fitar da malmalata. Da wane baki zan ce masa 'yata na biyan abin da ya fi buhu duk wata don a kashe min yunwa? Da kati ne ya biya, sai in ce maganin gwamnati ne, likita ya rubuta, a yi min tsiya kwana biyu a manta. Wannan kuwa ko bai ce uffan ba, na san abin da zai ji a ransa.

Da na fara ramewa, riguna suka koma kamar rumfar biki, sai magana ta fara yawo. Wasu suka ce ciwo nake ɓoyewa, wasu suka ce wani malami ne ya gargaɗe ni da abincin gidan Malam Sule. Ta biyun ce ta kai kunnen Inna Azumi. Malam Sule ya same ni bayan la'asar, ko zama bai yi ba, ya ce iyalinsa ta wuni tana kuka, shekara da shekaru tana ciyar da ni kamar ɗan uwanta, in wani abu na gani in faɗa masa. Na rantse babu komai, ya ce to me ya sa? Na sake maimaita masa rantsuwar kawai. Ya ce shi ke nan Alhaji, ya juya. Alhaji fa ya ce, ba Rumbu ba.

Tun ranar ban koma tabarma ba. Ana idar da magariba sai in zame in shige gida. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, ina jin ƙarar murfin kwano, ina jin ana wanke hannu, hirar ma yanzu ba ta nisa ake watsewa. Gwiwa kuwa ta yi sauƙi. Ranar Juma'a na kai goshina ƙasa a sujada, abin da na daɗe ban iya ba, na fito masallaci ina waige-waigen wanda zan yi wa albishir, sai na tsinci kaina a ƙofar gida ban faɗa wa kowa ba.

'Yata ta ce kada in kuskura in daina, likita ma ya ce in na daina jikin zai dawo. To 'yan uwa, musamman iyayenmu mata, ya zan yi? In ajiye allurar in koma cikin mutanena, gwiwa ta yi abin da za ta yi? Ko in je in faɗa wa Malam Sule gaskiya, ko da zai ga ina biya a raba ni da abin da shi yake nema ido rufe? In gaskiyar ce, don Allah ku koya min yadda zan fara, don duk wadda na gwada ni kaɗai a ɗaki sai ta fito kamar barkwanci, wannan karon kuma ba na so ya yi dariya.