Wandon da Aka Maido Mani Sau Biyu

Zuwa ga Fiddausi, hasken ɗakina, sanyin idona, inuwar da nake hutawa in rana ta take, uwar 'yata kuma amaryata har gobe. Sallama irin ta mai kewa, daga Batsari zuwa Safana. Ki gaishe mani da Inna da kyau, ki shafa mani kan yarinyar nan da kunyar 'yar fari ta hana ni kama sunanta.

Saƙonki ya iso. Ƙanenki Faisal ya tsaya da babur a ƙofar gida, ya miƙo mani leda, ya ce kin ce in ba ƙanwata Bushira, wai ke kam kin wuce wurin. Na buɗe, sai ga wandon jins ɗinki mai ruwan bula, a wanke, a ninke, yana ƙamshin turarenki. Wallahi sai da na zauna. A take na gane abin da ya sa arba'in ta wuce tuni, wankan jego ya ƙare, amma kullum na kira sai ki ce a ƙara maki mako. Ashe ba Inna ce ta riƙe ki ba, kunyar jikinki kike ji. Haba Fiddausi! Ni za ki ji wa kunya?

Sau biyu ke nan ana maido mani da wandon nan. Kin tuna na farko? Na ɓoye shi can ƙarƙashin atamfofi a akwatin lefe, ina ganin na yi dabara. Da matan gidanku suka baje kaya, gwaggonki Hansai ta ɗago shi ta jujjuya, ta yanke hukuncin cewa ango ne ya manta wandonsa a ciki, ta sa aka bi 'yan kawo lefe da shi har bakin mota, tare da nasihar in riƙa kula da kayana. Sai bayan biki na miƙa maki shi hannu da hannu. Ranar ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, kika shiga uwar ɗaka kika daɗe, sannan kika fito kina rufe fuska da tafin hannu kina dariya. Ni kuwa tuwon da ke hannuna ya huce ban sani ba.

Waccan yarinyar kyakkyawa ce, ban musa ba. Amma ta kama ƙafar wadda na hango ranar suna? Ina zaure cikin maza, labule ya ɗaga, kika gitta tsakar gida da jaririya a kafaɗa, kin cika kin yi fes, kina taku a natse kamar mai ɗauke da ƙwaryar nono. Da gero ne ke, da na ce a da kina ganye shar, yanzu kin fid da kai. Wane manomi ne ke kuka don gonarsa ta cika? Allah ya saka wa Inna da alheri, kunun kanwarta bai tafi a banza ba, kuma duk wanda ya ce ki rage ko da cokali ɗaya, ni da shi ne.

Saboda haka ranar kasuwa na tafi rumfar Armaya'u mai kayan mata, ni kaɗai namiji a tsakiyar matan ƙauyen Karare da suka zo sayen mayafai. Na ce sabon wando nake nema maki, ya tambaye ni lambar da kike sawa, na ce ban sani ba, rabona da ganinki kusa tun kina da ciki. Ya ce ai da sauƙi, ana zagaya ƙugun wando a wuya, in ya haɗu to ya yi. Ban tsaya jin ƙarshen zancen ba na naɗa a nawa wuyan. Wata tsohuwa ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce a tambaye ni ko ni zan sa. Ashe wuyan mai wandon ake nufi, wuyan nan naki mai tsawo da ke can Safana yana mani rowa!

Da dabara ta ƙare sai na koma ga idona, don idon nan ya haddace ki. Na ture masu yagaggiyar gwiwa, matata ba ta faɗo daga babur ba. Na ture masu matse ƙafa kamar an ɗaure akuya, da masu ɗan guntun ƙugu da ke sa mace ta yini tana ja. Na zaɓi mai duhun bula, kalar hadarin gabas, don na san yadda zai haska fatarki. Ƙugunsa yana hawa har cibiya, ya rungumi cikin da ya ɗauko mana 'yarmu ba tare da ya takura shi ba. Yadin yana da taushi, yana ɗan miƙewa, za ki zauna ki ba da nono ki tashi ba ki ji komai ba. Ƙafarsa a sake take, ta sauka har idon sawu, daidai inda lallenki ke farawa. Ina riƙe da shi a rumfar nan ina ganinki a ciki, da farar rigarki mai dogon hannu, har Armaya'u ya taɓa ni ya ce in dawo duniya.

Girma biyu na ɗauko, ga su nan Faisal zai kawo. Ki gwada a ɗaki ke kaɗai. Wanda bai shige ki ba, shi ne ya gaza, mu mayar wa Armaya'u kayansa. In duka biyun sun gaza, in koma, matan Karare su ƙara dariya, ai na saba.

Ki dawo, Fiddausi. Ɗakin nan ya yi mani faɗi, rogon da na dafa jiya ko rabi ban ci ba, kajinki ma sun daina kula ni. Har yaushe zan riƙa jin kukan 'yata ta waya? Ba wadda na kai Safana nake jira ba, wadda ke can yanzu nake so, da duk abin da ta ƙaru da shi.

Shi kuwa tsohon wandon, ki yi haƙuri, Bushira ba za ta gan shi ba. Na kai wa tela ya fitar da ɗan mitsitsin wando daga ƙafa ɗaya, da roba a ƙugu. Yana cikin ledar, a ƙasan naki. Ya yi wa yarinyar yawa yanzu, na sani, amma za ta girma ta cika shi, wata rana ma ya kasa ta, kuma ranar murna za mu yi. In Gwaggo Hansai ta gan shi, ki gaya mata wannan karon ba nawa ba ne, kada ta maido.

Naki a yadda kike, da yadda duk za ki zama, har numfashina na ƙarshe,

Rilwanu