Sunan 'Yar Fari

Asabar, 5 ga Yuli, 2025

Na ɗauka duk mai koyar da insha'i ya iya rubuta shi. Ashe ba haka ba ne. Ni da ke gyara wa 'yan aji uku rubutu a Argungu, yau a kwalejin Birnin Kebbi, inda nake kwas ɗin Asabar, Malam Muhyiddeen ya maido mini da nawa, jan biro ya cika shi. Aikin shi ne a rubuta kan wanda ya koya maka wani abu. Na rubuta kan 'yar farina, yadda ta koya wa Inna, mahaifiyata, riƙe cokali bayan shanyewar ɓarin jiki. Ya ja layi ƙarƙashin "wata yarinya", ya rubuta: "Wace ce? Mi ya haɗa ku? Ina sunanta?"

Ya ce in sake rubutawa. A kan aikin nan cin kwas ɗin ya rataya. In na faɗi, sai baɗi, kuma ajin rubutun da shugabar makarantarmu ta yi mini alkawari sai a ba wani.

Litinin, 7 ga Yuli

Na ce wa yara su daina rubuta "wani abu ya faru a wani wuri". Ku faɗi abin, ku faɗi wurin! Ina faɗa bakina na nauyi.

Asabar, 12 ga Yuli

Na tsaya bayan darasi. Na ce, Malam, 'yar fari ce, tun yaye tana hannun mahaifiyata a Ambursa, ban taɓa kiran sunanta ba. Ya ce ya sani, shi ma ɗan fari ne, tsohuwarsa "kai wanga" take ce masa har yau. Ba zai tilasta ni ba. Amma shafi uku na rubuta, mai karatu bai ga fuskarta ba, bai san ko ina sonta ba.

Sai na ji haushi. Wa ya ce ba na sonta?

Zakiyya, abokiyar zamana a aji, ta ce, "Laure, ki laƙa mata sunan ƙarya ki huta mana." Na gwada a mota. Sumayya. Sai ta koma ɗiyar wasu.

Laraba, 16 ga Yuli

Na sake rubuta biyu, na yaga. Ruwa tun safe, na kasa zama wuri ɗaya.

Asabar, 19 ga Yuli

Da dawowa daga Birnin Kebbi na sauka Ambursa. Fadama ta cika, shinkafa ta yi kore shar. Na iske yarinyar tana ba Inna kunu. Yau na dube ta da gangan, don rubutu, na ce wa kaina. Tana da tabon ƙuna a wuyan hannun hagu. Ban san lokacin da ta same shi ba. In Inna ta zubar, ba ta gogewa nan take, sai ta bari Inna ta sake ɗaga cokalin da kanta.

Inna ta lura. "Ke Laure, mi kike kallo haka? Kunya ta ƙare maki?"

Yarinyar ta yi dariya. "Bar ta, Inna, Anti Malama ta zo duba makaranta ne."

Anti take ce mini. Ni ce dai na bari.

Lahadi, 20 ga Yuli

Na sa tabon. Na sa kunun. Na rubuta "ɗiyata". Wurin suna na bar fili, ina ta zagaya shi.

Asabar, 2 ga Agusta

Na ci. Malam ya ce ƙarshen ya yi gaggawa, gaskiyarsa. Da ya sa na karanta a gaban aji muryata ta sarƙe a layi na biyu, Zakiyya ta ce mura ce ke damuna, Allah ya saka mata.

Ba wani abu ne ya canza ba, aikin makaranta ne kawai. Ajin rubutu kuma nawa ne in an koma hutu.

Na sayo wa Nuriyya man shafawa don tabon nan. Gobe in kin kai mata, Laure, kada ki ce "ke". Gwada ki gani, ko da Inna na ji.