Na Daɗe Ina Dafa wa Alhazan Komoro, Bana Ba a Neme Ni Ba

Zuwa ga sabon jagoran ayarin alhazan tsibiran Komoro masu sauka a unguwar Misfala, Makka,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kun koma gida lafiya, ranka ya daɗe, ni ce Hajiya Talatu, Bakanuwar da ke dafa wa ayarinku abinci tun ban yi furfura ba. Ba ka san ni ba, shi ya sa na rubuto a fili.

Da farko, godiya. Shekarar da na fara, tuwo da miyar kuka na jibga muku, tsofaffinku suka ci don kara. Matanku ba su kore ni ba. Zaunar da ni suka yi, suka koya mini matse kwakwa in dafa shinkafa da ruwanta, da yadda ake gyara wa ɗan bakin teku kifi. A bakinsu na ji ƙasarku tsibirai uku ce, babban har da dutse mai aman wuta, kuma yawancin alhazanku kanumfari suka noma suka sayar, 'ya'yansu masu ci-rani a Faransa suka cika musu kuɗin kujera. Kanumfarin da suke yi mini tsaraba shi nake sayarwa a unguwarmu Tandabawi bayan aikin Hajji, da shi na rufa wa marayuna asiri. Wallahi ban manta ba.

Na biyu, kukana. Na san jagorancin ayarinku karɓa-karɓa ake yi tsakanin tsibiran nan, kamar yadda aka tsara wa shugabancin ƙasarku. Bana ya zagayo kanka, Allah ya taya ka riƙo. Sai dai wanda ya sauka ya miƙa maka komai ban da ni. Na wanke tukwane, na sayo kwakwa, na zauna jira, sai a bakin direbanku na ji an ba kamfani mai kawo abinci a kwali aikin. Raina ya sosu ƙwarai. Bayan saukowa daga Arfa wata tsohuwarku ta lallaɓo har ƙofata, duk ta zabge. Na dafa mata, ta cinye har ƙanzo.

Roƙona, ka tambayi tsofaffin nan. In za a mayar da ni baɗi, a aiko mini kafin azumi. In sallamata aka yi, a faɗa mini da baki, in nemi wanke-wanke a wani ayarin tun wuri bai cika ba. Ko me ka yanke, duk wadda ta kasa cin na kwali ka nuna mata gidana, ba sai ta biya ba.

Allah ya karɓi ibadarku, ya tsare jiragenku a kan ruwa, ya yi wa kanumfarinku albarka.

Wassalam.
Hajiya Talatu mai abinci, Tandabawi, Makka