Gwandar Gidan Zainab

Yaya Hauwa,

Assalamu alaikum. Ya ƙafar taki? Ya Malam da yara? Mu nan Gyadi-Gyadi lafiya lau.

Na gode da kika matsa min na kai 'yata Zainab asibiti tare da mijinta. Saboda rashin haihuwar nan, uwar mijin har sawa ta yi aka sare gwandar gidansu, wai ita ke wanke mahaifa. Likita ta ce nunanniyar gwanda ba ruwanta, mijin ne zai rage lemon kwalba da teɓa. 'Yata ta sha zargi a banza! Raina a ɓace yake.

Amma alhamdu lillahi, yanzu mijin ke sayo kankana maimakon lemon kwalba su sha tare. Jiya da na je gidansu, na ji dariyarta tun daga soro.

Ki sa su a addu'a, ki gaida Malam.

Ƙanwarki,
Rabi