Madannai Uku na Inna

Litinin, 3 ga Maris

Yau ma a ɗakin Inna na wuni. Tun da ɓarin jikinta ya shanye muryarta ba ta wuce bakin gado, don haka dole a samu mai zama. Mai zaman kuwa ni ce, tunda ni ce amaryar ɗanta, ni ce kuma "ba ki da aikin yi sai karatun littafi", in ji Yaya, babbar yayar mijina. Ita takan zo ranar Lahadi da lemo a leda, ta ba da umarni, ta tafi.

A littafin da nake karantawa jarumar tana da ɗaki mai labule shuɗi, tana rufe ƙofa in ta ga dama. Ni ma ina da ɗaki. Wucewa nake yi ta gabansa.

Ba zan tsufa a kan kujerar robar nan ba.

Laraba, 5 ga Maris

Dabara ta zo min ina wanke kofi. 'Yar na'ura a gefen hannun Inna mai lafiya, madannai uku: ruwa, bayi, ciwo. Ta danna, fitila ta kama a ɗakina. Ba waya a ƙasa balle wani ya yi tuntuɓe.

Na gaya wa mutumin nawa. Ya ce, "Ki saya mata ƙararrawar ƙofa mana." Na ce ƙararrawa "zo" kawai ta iya faɗi, kuma sai ta tashi duk gidan. Ya yi dariya, wai littattafai sun fara taɓa ni. Ya manta 'yar mai gyaran rediyo ya aura. Na iya narka dalma kafin na iya ɗaura ɗankwali.

Asabar, 8 ga Maris

Layin masu kayan lantarki. Ƙafata kamar ta tsinke.

Mai shago na farko ya nuna min allon na'ura mai wayifai, irin na intanet. Yana shan batir kamar ruwa, kullum sai caji. Na biyu ya ce bulutut, amma tsakanin ɗakina da na Inna bango biyu ne da tankin ruwa, ban yarda zai ƙetare ba. Na uku ya fito da wani mai cin dogon zango, wai har bayan gari yana kaiwa, kuɗinsa kuma ya kusa kai ni lahira. Na ce, "Malam, tsakar gida kawai zan tsallaka."

Ya ce, "Maigidan ne ya aiko ki? Kira shi mu yi magana."

Na ce, "In ya zo ma ni zai tambaya."

Na fita ban waiwaya ba. Sai a mota na tuna amsoshin da suka fi wannan zafi.

Lahadi, 9 ga Maris

Yaya ta ji labari. "Wato uwarmu za ki haɗa da inji, ke ki je ki miƙe ƙafa." A gaban Inna ta faɗa. Inna ta juya ido bango.

Na ce, "Yaya, ga kujerar, ba a rubuta sunana a jiki ba."

Ba ta zauna ba.

Talata, 11 ga Maris

Na samu. Wani ƙurmusasshen shago a ƙarshen layi, tsohon da ke ciki yana ta tonon wani gwangwani har ya zaro su: 'yan alluna biyu, kowanne bai fi ɗan yatsa ba, mai aikawa da mai karɓa. An buga 433 a jikinsu, lambar zangon rediyon da suke aiki da shi. Mai aikawar ba ya taɓa batir sai an danna, saƙo huɗu yake iya ɗauka, ni uku nake so. Da ragowar kuɗin cefane na biya, har da canji.

Ya ce, "'Yata, ba su da wayo fa, ba sa cewa saƙo ya isa."

Na ce ba komai, na saba zama da irinsu.

Alhamis, 13 ga Maris

Sun yi aiki a kan tabarma. Na danna, fitila ja ta kama. Na danna, koriya. Na yi ta dannawa ni kaɗai kamar wata taɓaɓɓiya.

A ɗakin Inna nake haɗawa, tunda ba halin tashi. Tana ta bin hannuna da ido. Don kada shirun ya yi yawa na riƙa karanta mata littafina tsakanin dalma da dalma. Da jarumin ya yi ƙarya ta yi wani ƙaramin tsaki. Ashe tana bi.

Juma'a, 14 ga Maris

Na saka mai aikawar a gidan sabulu mai ruwan hoda, ya yi kyau kamar kayan kanti. Wata siririyar waya ta yi ta leƙowa waje tana ɓata min ado, na datse ta.

Na kai mai karɓa ɗakina. Shiru. Ko ƙyaftawa.

Mutumin nawa ya ce, "To, injiniya." Na hana shi shayi.

Asabar, 15 ga Maris

Na kira Baba. Ya yi dariya har da tari. "Eriyar kika yanke, uwata? Kin toshe masa baki kina so ya yi kira." Ya ce in sa sabuwa, tsawon taƙi ɗaya, a miƙe, kada in naɗe ta don kwalliya.

Yanzu gidan sabulun yana da wutsiya. Muni kam ya yi muni.

Litinin, 17 ga Maris

Saƙon ya tsallake bango biyu da tanki.

Na ɗora yatsan Inna a kan kowane madanni ina faɗa mata sunansa. Ta gane tun a karon farko, ni ce na yi ta maimaitawa. Sannan na tafi ɗakina na rufe ƙofa. Na rufe ƙofa. Na kwanta ruf da ciki na karanta babi guda ba wanda ya ce uffan.

Bari Lahadi ta zo.

Laraba, 19 ga Maris

Fitilar ruwa ta kama, na kai ruwa, ta kurɓa kaɗan. Can ta sake kamawa. Na je, kofin a cike. Na duba ko madannin ne ya maƙale, lafiyarsa lau. Na ce, "Inna, batir fa ba kyauta ba ne." Ta kalle ni, ta kalli ƙofa. Ban tsaya ba, ina da tukunya a wuta.

Lahadi, 23 ga Maris

Yaya ta zo, ta danna da kanta, ta je ɗakina ta ga fitilar. Ta ce, "Hm." A bakinta wannan yabo ne. Na ci nasara, a rubuta.

Sai dai tun ranar Laraba Inna ba ta sake danna na ruwa ba sai da ƙishi na gaske. Yau bayan azahar ko fitila ɗaya ba ta kama ba. Na kwanta da littafi, layi ɗaya nake ta maimaitawa. Na tashi na je duba batir. Batirin ƙalau. Inna idonta biyu, hannunta a kan gidan sabulun, ba ta danna ba.

Na jawo kujerar. Ɗakin nata ya fi nawa iska da rana, shi ke nan, kada wani ya ɗauka wani abu ne. Kuma babin da na karanta ni kaɗai ran Litinin ban fahimce shi sosai ba, dole na koma mata daga farkonsa.