Yaya Sadik Ya Kama da Hannu

Asabar da dare, Gubaira

Yau aka fara saka Yaya Sadik a wasan jami'arsu ta Amurka, irin ƙwallon nan mai siffar ƙwai. Baba ya tara abokansa direbobi a falo su ga ɗansa a talabijin.

Ina shiga da shayi aka wurgo wa Yaya ƙwallo, ya yi tsalle ya cafke, ya zura da gudu har ƙarshen fili. Baba Idi, ɗaya daga cikin direbobin, ya ce, "La haula! Alhaji, ɗanka ya kama da hannu, jan kati ne!" Babanmu ya sunkuyar da kai.

Ni da ko gaisuwa ba na iya yi da ƙarfi, sai na ji na ce, "A'a Baba Idi, aikinsa ke nan, shi ne mai cafkewa. Maki shida ya ci!"

Na ji kamar in nutse. Sai ga shida a talabijin. Babanmu ya miƙe da kabbara, ya ce, "Yalla Hafsa, ajiye tiren nan, zo ki zauna."

Har aka tashi, duk sanda alƙalin wasa ya busa, ni suke waiwayowa su kalla.