Piyanon Gidan Polycarp

Litinin, 5 ga Agusta, 1974

Ruwa tun asuba. Gwiwoyina sun hana ni zuwa masallaci. Ɗahiru maƙwabcina ya leƙo ya ce, "Malam Inuwa mai molon Turawa, kana da rai?" Na ce da saura.

Ebere, matar Polycarp ta Tarauni, ta aiko. Maɓallai bakwai na piyanonta in an danna ba sa tasowa. Cikin piyanon da nake gyarawa, shi kaɗai ya rage a hannuna duk Kano. Sauran sun bi masu su ƙasarsu.

Alhamis, 8 ga Agusta

Na je. Daga Gyaɗi-Gyaɗi zuwa can sai da na zauna sau da yawa a hanya.

Na buɗe murfin ƙasan piyanon, sai ga kwano cike da ruwa. Da rani ni na ce su riƙa ajiye shi don kada katako ya tsage. Ashe ba su daina ba, ga damina ta dawo da ƙarfinta bayan farin bara. Katako ya sha ya kumbura, ramukan maɓallan sun matse ƙusoshin da suke hawa a kai. Ebere ta ce, "Baba, ai ba ka ce a daina ba." Gaskiyarta.

Polycarp ya ce in wata ya ƙare bai gyaru ba, kafinta zai zo ya ɗauka, a sa rediyo mai garmaho a wurin. Piyanon na mahaifiyar Ebere ne, a ɗakin wani maƙwabci ya yi zaman yaƙin basasa har suka dawo Kano.

In piyanon ya tafi, ban san gidan da za a sake dafa shayi saboda ni ba.

Asabar, 10 ga Agusta

Tari. Ban fita ba. Tun rasuwar matata Ladi ɗakin nan bai taɓa yi mini faɗi kamar yau ba.

Talata, 13 ga Agusta

Aikin ba wuya. A zare maɓalli, a sa filaya a bakin ramin, a matsa kaɗan, kamar mai taɓa mangwaro ya ji ko ya nuna. Tun ina saurayi nake yin sa.

Hannu ya yi rawa. Na ji ƙas. Katakon maɓallin ya tsage.

Ebere ta ji, amma ta juya tana gyara labule. Na liƙe shi da gam, na ɗaure da zare, na ce iska ce ta damina. Ban sha shayin ba.

Laraba, 14 ga Agusta

Na gwada ɗaukar kofi da hannu ɗaya. Rabin ruwan ya zube a riga.

Alhamis, 15 ga Agusta

Saura shida. Na riƙe filaya na daɗe ina kallon ta. Ebere ta ce, "Baba, ni da nake zare ƙaya daga kifi, ba ni mana, kai ka zama ido." Na ce ba a taɓa yi ba. Baturen da ya koya mini ma sai da na shekara ina share masa ƙura kafin ya bar ni na taɓa ciki. Ta ce, "To ni na shekara nawa ina ba ka shayi?"

Na ba ta. Na ce matsa, tsaya, ya isa. Ta mayar da maɓallin, ta danna, ya taso. Ta danna da sauri-sauri, 'yar gudumar ciki tana bugun waya tana komawa mazauninta. Ta yi shida kafin la'asar. Hannunta ya fi nawa na da.

Polycarp ya shigo ya tsaya a bakin ƙofa har ta gama kaɗa waƙar cocinsu. Bai sake zancen kafinta ba.

Lahadi, 18 ga Agusta

Ɗahiru ya tambayi ina jakar kayan aikina, bai gan ta a ƙusa ba. Na ce na manta ta a Tarauni.

Tana da nauyi, shi ke nan. Ran Alhamis zan je in duba wanda ya tsage. Ita za ta kwance zaren.